Wa Ke da Wuƙa da Nama a Makarantar Tauhidi: Ɗalibai, Malamai ko Cocin da Ta Gina Ta?

A watan Fabrairun 2024 aka cika shekara 50 da ranar da ɗaruruwan ɗalibai da kusan dukkan malamansu suka fice daga makarantar tauhidi ta Concordia da ke St. Louis, a jihar Missouri ta Amurka. Har yau mabiya ɗarikar Lutheran na ƙasar ba su daidaita a kan sunan da za su ba wannan rana ba, domin wasu suna kiranta ranar hijira, wasu kuma suna kiranta ranar tawaye. Cikar shekarun ta sake tayar da wata tsohuwar tambaya: shin ƙungiyar ɗalibai tana da ikon sauya abin da ake koyarwa a makarantar da ke horar da limaman coci, ko kuwa bakinta ya tsaya ne a kan abinci da ɗakin kwana?

Ana yawan kuskuren fahimtar lamarin ta fuska biyu. Akwai masu ganin cewa tun da makarantar addini ce, aikin ɗalibi biyayya ce kawai, kuma duk wanda ya ɗaga murya ya fita daga tarbiyya. Akwai kuma masu ganin cewa duk sauyin da ya biyo bayan zanga-zanga, ɗalibai ne suka kawo shi da ƙarfinsu. Abin da ya faru a St. Louis, da wanda ya faru a Princeton bayan shekara arba'in da 'yan kai, sun nuna cewa lamarin ya fi haka sarƙaƙiya.

Makarantar da ɗalibanta ba yara ba ne

A Amurka, makarantar tauhidi irin wannan ba a shigarta sai da digirin farko a hannu. Babban digirin da ake horar da fastoci da shi yakan ɗauki shekara uku, amma a ɗarikar Lutheran da ta mallaki Concordia, wadda ake kira Majalisar Missouri, shekara huɗu ne, saboda ana tura ɗalibi wata ikilisiya ya yi shekara guda yana koyon aiki a ƙarƙashin babban fasto kafin ya dawo ya kammala. Saboda haka ɗaliban manya ne, da yawansu suna da mata da 'ya'ya, wasu kuma sun riga sun hau mumbari sun yi wa'azi, sun ziyarci marasa lafiya, sun tsaya a bakin kabari.

Akwai wani abu da ya raba su da ɗaliban jami'a, wanda idan ba a riƙe shi ba sauran labarin ba zai fito ba. Wanda ya karanta lissafi ko aikin lauya yana iya kai takardarsa ko'ina ya nemi aiki. Ɗalibin tauhidi kuwa ma'aikata ɗaya yake hari, ita ce cocin da ta aiko shi, kuma a tsarin Missouri digiri kaɗai ba ya isa, sai malaman makarantar sun shaida cewa ya cancanci a naɗa shi, sannan coci ta tura shi ikilisiyar da ta nemi fasto. Duk ɗalibin da ya ja da makaranta, da abincin iyalinsa yake wasa.

Ita kuwa ƙungiyar ɗalibai, a tsarinta ba ta da nisa da wadda aka sani a jami'o'inmu. Ana zaɓen shugaba da sakatare da ma'aji da wakilan azuzuwa, ana ba ta ɗan asusu daga kuɗin da ɗalibai ke biya, kuma a makarantu da yawa tana tura wakili ya zauna a wasu kwamitocin malamai, wani wurin da ƙuri'a, wani wurin sai dai a saurare shi kawai. Babban makaminta shi ne babban taron ɗalibai, inda ake gabatar da ƙuduri a kaɗa masa ƙuri'a.

Inda ikon yake a rubuce

A takarda, manhaja aikin malamai ce. Su ke tsara darussa, su ke cewa a koyi Girkanci da Ibrananci na tsawon kaza, su ke zaɓen littattafan da za a karanta. Sama da su akwai hukumar gudanarwa ko kwamitin amintattu, wanda ke ɗaukar shugaban makaranta da malamai, yake kuma sallamarsu, yake riƙe da dukiya. Idan makarantar mallakar wata ɗarika ce kai tsaye, to babban taron ɗarikar ne ke zaɓen 'yan hukumar, kuma shi ke da ta cewa a kan aƙida. A gefe guda akwai ƙungiyar da ke tantance makarantun tauhidi a Amurka da Kanada, ATS, mai makarantu sama da 270, wadda ba ta shiga batun aƙida amma tana duba ko ana bin ƙa'ida wajen ɗauka da korar malamai.

Sunan ɗalibai bai fito a wannan jeri ba. Ƙarfin da suke da shi na aro ne, kuma daga wuri biyu suke aro shi. Na farko, aji ba ya zama aji sai da su, don haka idan suka ƙaurace masa makaranta ta tsaya cik. Na biyu, kowane ɗalibi ɗan wata ikilisiya ne, yana da fasto da iyaye da dattawan da suka tara masa kuɗin karatu, kuma waɗannan mutane ne ke ba da baikon da ake riƙe makarantar da shi.

Yadda rigimar St. Louis ta samo asali

Baƙin haure daga yankin Saxony na Jamus ne suka kafa Concordia a 1839, shekara takwas kafin a kafa ita kanta ɗarikar, wadda ake kira Majalisar Missouri, a 1847. Mutane ne da suka bar ƙasarsu saboda tsoron a gurɓata musu koyarwa, kuma wannan tsoro ya zama gado. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai makarantar ta fara ɗaukar malaman da suka yi digirin digirgir a manyan jami'o'in waje, suka zo da wata hanyar nazarin Littafi Mai Tsarki da ta bunƙasa a jami'o'in Jamus tun ƙarni na 18 da na 19. Hanyar takan tambayi kowane littafi wa ya rubuta shi, a wane zamani, daga waɗanne tsofaffin rubuce-rubuce aka tattaro shi, kuma wane irin rubutu ne, tarihi ko waƙa ko misali.

A aikace, tambayoyin da suka tayar da ƙura ƙalilan ne. Shin Musa ne ya rubuta littattafai biyar na Attaura gaba ɗayansu? Shin mutum ɗaya ne ya rubuta littafin Ishaya? Shin labarin Yunana a cikin kifi tarihi ne ko misali ne na koyarwa? Yaya za a karanta surori uku na farko na littafin Farawa? Mafi yawan malaman sun ce ana iya barin waɗannan tambayoyi a buɗe ba tare da an taɓa Bishara ba. Masu adawa da su suka ce wanda ya yi shakkar kifin Yunana yau, gobe zai yi shakkar tashin matattu.

Wani abin lura shi ne, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara kwarmata batun ɗalibi ne, kuma ɗan ra'ayin riƙau ne. Herman Otten ya zargi malamansa da koyarwar ƙarya tun a shekarun 1950, malaman kuma suka ƙi ba shi shaidar cancanta. Wata ikilisiya a garin New Haven na Missouri ta ɗauke shi duk da haka, daga can ya kafa jaridar da daga baya aka sani da Christian News, wadda ta yi shekaru tana buga zarge-zarge a kan makarantar, tana shiga gidajen talakawan coci. Wannan ya isa ya nuna cewa ɗalibai ba baki ɗaya suke da shi ba, kuma malaman da daga baya suka yi kukan an zalunce su, su ma sun taɓa amfani da ikon da ke hannunsu a kan ɗalibin da ya saɓa musu.

Shekarar 1969 ce ta haɗa mutanen biyu da za su kara. A watan Mayu aka zaɓi John Tietjen shugaban makarantar, shi kuwa yana tare da mafi yawan malamai. A watan Yuli babban taron ɗarikar da aka yi a Denver ya zaɓi J.A.O. Preus, ɗan wani tsohon gwamnan Minnesota, ya shugabanci cocin baki ɗaya, da goyon bayan 'yan riƙau. A 1970 Preus ya kafa kwamitin bincike da ya zauna da malamai ɗaya bayan ɗaya yana yi musu tambayoyi, a 1972 kuma ya fitar da wata takarda da ta zayyana abin da ya wajaba a yarda da shi game da Littafi Mai Tsarki. Hukumar gudanarwar makarantar ta wancan lokaci ta duba rahoton ta wanke malaman. Amma a watan Yulin 1973 babban taron da aka yi a New Orleans ya amince da takardar Preus, ya zartar da ƙuduri mai lamba 3-09 da ya ce ra'ayin mafi yawan malaman koyarwar ƙarya ce da ba za a lamunta ba a cikin ikilisiyar Allah, sannan ya zaɓi sababbin 'yan hukuma da suka ba 'yan riƙau rinjaye. Ƙudurin ya yi wa malaman kuɗin goro ne, bai kama sunan kowa ba, kuma a nan ne ɗalibai suka sami wurin kamawa.

Daga 20 ga Janairu zuwa 19 ga Fabrairu

Ranar 20 ga Janairun 1974 sabuwar hukumar ta dakatar da Tietjen, ta ɗora Martin Scharlemann a matsayin riƙo. Shi kansa Scharlemann, shekaru goma sha biyu kafin nan, sai da ya tsaya gaban babban taron 1962 a Cleveland ya nemi afuwa saboda wasu maƙaloli da ya rubuta da aka ga sun taɓa koyarwar cewa babu kuskure a cikin nassi.

Washegari ɗalibai suka yi babban taro, suka zartar da ƙudurin ƙaurace wa aji da ƙuri'u 274, masu adawa 92. Abin da ƙudurin ya nema ya cancanci a tsaya a kansa, domin a ganina shi ne mafi hikima a duk abin da aka rubuta a wannan rigima. Ɗaliban ba su ce malamanmu sun yi daidai ba, ba su kuma ce a janye ƙudurin New Orleans ba. Cewa suka yi ba za su koma aji ba sai hukuma ta fito fili ta faɗi sunayen malaman da ke koyar da ƙarya, idan akwai su, ta kuma faɗi ƙa'idar nassi ko ta aƙida da suka karya. Hujjar a bayyane take: idan coci ta ce guba ake ba mu, kuma coci ce ta turo mu nan, to ta nuna mana ƙwaryar da gubar take ciki. Kwana ɗaya bayan haka mafi yawan malamai suka ce tun da laifin da aka dakatar da Tietjen a kansa shi ne kare su, su ma sun ɗauki kansu a matsayin dakatattu.

Ɗaliban ba su zauna a ɗaki ba. Sun rarrabu cikin motoci sun bazu jihohin ƙasar, suna zuwa ikilisiyoyi suna ba da nasu labarin, wato sun je neman wancan ƙarfi na biyu da aka ambata. Wasu wuraren an karɓe su, wasu wuraren an rufe musu ƙofa.

Ranar 17 ga Fabrairu hukuma ta ba malamai wa'adi zuwa tsakar ranar washegari su koma aji, in ba haka ba a ɗauka sun warware kwantiraginsu. Wa'adin ya wuce, aka sallami 45 daga cikin malamai 50, aka ce su bar ofisoshi da gidajen makaranta kafin ƙarshen wata. Biyar ɗin da suka rage sun haɗa da Robert Preus, ƙanen shugaban cocin. Ranar 19 ga wata ɗalibai suka sake taro, suka zaɓi su bi malamansu su ci gaba da karatu a waje. Suka kafa ƙananan fararen gicciye a filin tsakiyar makaranta, kowanne ɗauke da suna, kamar maƙabarta. Suka toshe babbar ƙofar da ake kira da sunan Walther, uban ɗarikar, da katako, suka rubuta a jiki cewa an kore su hijira, sannan suka fita a jere suna waƙa, 'yan jarida da kyamarorin talabijin suna biye. Washegari aka fara darasi a azuzuwan aro, a makarantar tauhidi ta Eden da kuma Jami'ar St. Louis ta limaman Jesuit. Magada Martin Luther sun sami mafaka a gidan ƙungiyar Katolika da ta yi suna wajen ja da koyarwar Luther, kuma wannan bai ɓoyu ga kowa ba a lokacin. Sabuwar makarantar ita ce aka sani da Seminex, wato Concordia a hijira, kuma ɗalibai kimanin 400 ne suka tafi da ita.

Hujjar kowane ɓangare

Masu goyon bayan hukuma suna cewa makarantar ta coci ce, da baikon talakawa aka gina ta domin ta fitar da fastocin da za su koyar da abin da cocin ta yarda da shi. Malamin da ya ga ya sauya ra'ayi yana da 'yancin ya tafi jami'a, amma ba shi da haƙƙin ya ci albashin coci yana koyar da abin da babban taronta ya ƙi. Suna kuma ƙin kalmar hijira, suna cewa ba wanda ya kori ɗalibi ko ɗaya, da ƙafarsu suka fita, kuma malamai ne suka ingiza su.

Masu goyon bayan malamai suna cewa an hukunta mutane ba tare da an yi wa kowannensu shari'a ba, an kuma mayar da takardar mutum ɗaya ma'aunin aƙida da rinjayen ƙuri'a, alhali Lutheran suna da tsofaffin littattafan aƙidarsu tun ƙarni na 16. Ba su kaɗai suka ga aibin tsarin ba, domin tun a 1972 ƙungiyar tantancewa ta sa makarantar a ƙarƙashin gargaɗi saboda yadda aka ƙi sabunta kwantiragin wani malamin Tsohon Alkawari.

Zargin cewa an ingiza ɗaliban yana da ɗan ƙamshin gaskiya, tun da malamai da ɗalibai suna tuntuɓar juna kuma an yi shirin ko-ta-kwana tun kafin ranar fita. Sai dai mutumin da ke da wata uku ya kammala karatu, da mata da jariri a gidan makaranta, ba a ingiza shi ya jefa aikinsa cikin haɗari da daɗin baki kawai. Abin da ya fi muhimmanci a gane shi ne, a St. Louis ɗalibai ba sauyi suka nema ba. Sauyin daga sama ya zo, su kuwa sun tashi ne su hana shi, kuma ba su iya ba.

Waɗanda abin ya faɗa wa

'Yan ajin ƙarshe ne suka fara shiga halin gaba kura baya sayaki. Sun sami digiri a watan Mayun 1974 ta hannun wata makarantar Lutheran da ke Chicago, amma cocinsu ta ce ba ta san shaidar malaman da aka kora ba. Wasu sun yarda an sake tantance su a tsohuwar makarantar, wasu sun ƙi. Wasu shugabannin gundumomi suka ci gaba da naɗa su duk da haka, babban taron 1975 a Anaheim ya ba Preus ikon tsige masu yin hakan, a watan Afrilun 1976 kuma ya tsige huɗu.

Daga nan rigimar ta sauka cikin ikilisiyoyi, inda mutanen da ba su taɓa jin sunan hanyar nazarin da ake faɗa a kanta ba suka sami kansu suna kaɗa ƙuri'a a kan ko za su riƙe fastonsu ko za su riƙe ɗarikar kakanninsu. A ƙarshen 1976 ikilisiyoyi kimanin 250, masu mabiya wajen 100,000, suka ɓalle suka kafa sabuwar coci. A ɗarikar da mabiyanta suka haura miliyan biyu da rabi, wannan adadi ya yi ƙasa sosai da abin da 'yan hijirar suka yi fata, kuma ƙaramar coci irin wannan ba ta da guraben da za ta ɗauke ɗaliban da Seminex ke yayewa kowace shekara. Ɗalibai suka yi ta raguwa. A 1983 aka rarraba malaman zuwa wasu makarantu, mafi yawansu Chicago, a 1987 kuma Seminex ta daina wanzuwa da sunanta. Ita kuwa Concordia, cikin 'yan shekaru ta ɗauki sababbin malamai, azuzuwanta suka sake cika, kuma tana nan a kan koyarwar da New Orleans ta tabbatar.

Duk da haka fitar ba ta tafi a banza ba. Ƙaramar cocin da ta ɓalle ta amince a naɗa mata fastoci, abin da Missouri ba ta yi har yau, kuma ita ce ta yi ta matsa wa manyan cocin Lutheran biyu lamba su haɗe, har su ukun suka haɗu aka kafa coci ɗaya mai suna ELCA a farkon 1988.

Princeton, inda hukuma ta iya sassautawa

Makarantar tauhidi ta Princeton da ke New Jersey, wadda mabiya Presbyterian suka kafa a 1812, ta ba da wani hoto dabam. A 2016 shugabanta Craig Barnes ya sa a binciki alaƙarta da bauta, rahoton kuma ya fito a 2018. Ya nuna cewa makarantar ba ta mallaki bayi da sunanta ba, amma ta karɓi gudunmawa mai yawa daga masu bayi, ta zuba jari a bankunan kudancin ƙasar, malamanta na farko sun yi amfani da aikin bayi a gidajensu, kuma manyanta sun goyi bayan shirin kwashe 'yantattun baƙaƙe zuwa Laberiya.

A nan ba zaɓaɓɓiyar majalisar ɗalibai ce ta ja gaba ba, ƙungiyar ɗalibai baƙaƙen fata ce, kuma haka abin yakan kasance, domin majalisar da ke wakiltar kowa takan yi nauyin jiki wajen ɗaukar matsaya mai zafi. Ƙungiyar ta ɗauki ƙiyasin da rahoton ya yi da kansa, cewa kusan kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar makarantar kafin yaƙin basasar Amurka daga masu bayi ya fito, ta ce to a ware kashi 15 na dukiyar da makarantar ke juyawa, wadda ta kusa dala biliyan ɗaya, wato kimanin dala miliyan 147. A watan Oktoban 2019 kwamitin amintattu ya ware dala miliyan 27.6, da guraben tallafin karatu 30 da na digirin digirgir 5, ya kuma yi alkawarin shigar da nazarin wannan tarihi cikin manhajar shekarar farko. Ɗaliban suka ce an taka rawar gani amma da sauran aiki. A watan Janairun 2022 suka ƙaurace wa sujada a ɗakin ibadar makarantar saboda yana ɗauke da sunan Samuel Miller, malami na biyu a tarihinta, wanda ya yi amfani da bayi. Kafin watan ya ƙare amintattu suka cire sunan.

Me ya sa wannan ya yiwu, wancan ya gagara

Makamin ɗaya ne, ƙauracewa, kuma ɗaliban St. Louis sun fi yawa a cikin fafutukar, sun kuma fi sadaukarwa. Bambancin yana cikin abin da aka nema da kuma wanda aka nema a wurinsa. Kuɗi ana iya raba shi, a nemi 147 a sami 27 kowa ya ce ya yi wani abu. Suna a jikin gini ana iya sauke shi a zama ɗaya. Ƙara darasi a manhaja ba ya tilasta wa wani malami ya janye abin da ya yi imani da shi. Ga shi kuma amintattun Princeton su ke cika gurabensu da riƙe dukiyarsu, ba sa jiran babban taron wata ɗarika kafin su yanke irin wannan hukunci, sannan makarantar da kanta ta fara tono laifin, don haka ɗalibai sun riƙe ta ne da maganar bakinta.

A St. Louis kuwa abin da ake ja a kansa ba ya rabuwa biyu a idon masu shi, kuma 'yan hukumar wakilai ne na taron da ya zaɓe su musamman domin su yi abin da suka yi. Ko da sun so sassautawa, hannunsu a ɗaure yake. Ƙungiyar ɗalibai tana iya sa hukuma ta hanzarta abin da ta riga ta fara karkata gare shi, tana iya hana a yi abu a ɓoye, tana kuma iya tilasta a bi ƙa'ida. Idan aka zo kan aƙida a makarantar da coci ta mallaka, ƙuri'ar da ke aiki ita ce ta wakilan ikilisiyoyi a babban taro, kuma 'yan riƙau sun gane haka tun 1969, suka yi aikinsu a can yayin da malamai ke dogaro da martabar iliminsu.

Yadda igiyar ta iso Najeriya

Ɓangarorin biyu duk suna da 'yan'uwa a ƙasarmu. Cocin Lutheran ta Najeriya mai hedikwata a Obot Idim, jihar Akwa Ibom, ta samo asali ne daga aikin mishan da aka fara a 1936 wanda Missouri ta ɗauki mafi yawan nauyinsa, kuma hulɗarta da makarantun Missouri take. Cocin Lutheran ta Kristi a Najeriya, LCCN, mai hedikwata a Numan, jihar Adamawa, wadda ta tsiro daga aikin ɗan mishan na Denmark, Niels Brønnum, da ya isa can a 1913, kuma da yawan ikilisiyoyinta da Hausa suke sujada, abokiyar hulɗar ELCA ce. Babban bishop ɗinta, Musa Panti Filibus, ya yi digirin digirgir ne a makarantar Luther da ke St. Paul a Minnesota, wadda ta ELCA ce, kuma daga 2017 zuwa 2023 shi ya shugabanci Tarayyar Lutheran ta Duniya, tarayyar da Majalisar Missouri ba ta taɓa shiga ba.